Watan da Na Riƙe Kuɗin Cefane

Ina 'yar shekara sha huɗu bakina ya ja mini. Muna zaune a Panshekara, Baba yana aiki a wani kamfanin gyaran fatu a Challawa. Albashi wata-wata ne, kuma ko ba ka duba kalanda ba, tukunyar gidanmu za ta gaya maka inda wata ya kwana. Farkonsa shinkafa da miya, tsakiyarsa dafa-duka, ƙarshensa kuwa tuwo da miyar kuka, yau kuka gobe kuka.

Wata rana Umma ta ajiye mini kwano, na buɗe na ce, "Wai mu a gidan nan itacen kuka muka gada ne?"

Umma ta ɗaga ludayi za ta ƙwala mini, Baba ya tare.

"Ƙyale ta," ya ce. "Wata mai kamawa ita za ta riƙe kuɗin cefane, mu ma mu ci daɗi."

Na ɗauka wasa yake yi. Ranar da albashi ya shigo, ya sayo shinkafa da masara kamar kullum, ya damƙa mini kuɗin cefanen wata guda a gaban kowa. Ban taɓa riƙe kuɗi masu kauri haka ba. Umma kuwa ta shimfiɗa tabarma, ta kunna rediyo, ta ɗaura lalle.

Akwai abin da ban sa a lissafi ba. Kullum Baba da kular abinci yake tafiya aiki, kuma ba shi kaɗai yake ci ba. In an fito hutun azahar, shi da abokan aikinsa sukan shimfiɗa buhu a gindin katanga, kowa ya kawo abin da ya samu. Yawancinsu daga ƙauyukan Jigawa da Nijar suka zo, sun baro iyali a gida, ɗakin haya suke kwana. Wani gurasa, wani garin kwaki. Abincin da aka dafa a gida na Baba ne kawai, don haka kularsa ake sawa a tsakiya.

Makon farko na nuna musu yadda ake riƙon gida. Kaza, taliya, soyayyen dankali, har da lemon kwalba. Mai naman unguwarmu ya koma kirana Hajiya ƙarama, ƙannena kuma ko ba a aike su ba sai su ɗebo mini ruwa. Baba yakan dawo da kula yana murmushi, ya ce mutanensa suna gaishe da mai girki. Kaina ya yi girma, har na fara yi wa Umma kallon tausayi.

Wata bai raba ba jakata ta yi sakayau. Na lallaɓa wurin Umma neman ciko.

"Ni hutu nake," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Wanda ya ci ladan kuturu ai shi zai yi masa aski."

Na koma wurin Baba. Ya ce, "'Yata, ni ma kamfani sau ɗaya yake biyana a wata."

Muka gangaro kan shinkafa da mai da yaji, daga baya man ma ya zama na shafawa. Ƙannena suka janye sarautar da suka ba ni. Wannan bai dame ni ba kamar kular Baba. Yakan ɗauka da safe, ya ce Allah Ya yi albarka, ya hau kekensa. Da yamma sai ta dawo da saura a ciki, abin da ba a taɓa yi ba. Na riƙa hango shi yana buɗe ta a tsakiyar mutanen nan, suna cin loma bibbiyu don kara. Wata rana na shiga bayan ɗaki na sha kuka, na ido, ba na miya ba.

Na sake samun Umma. "Ba kuɗi nake roƙo ba. Ki nuna mini yadda kike yi."

Sai a lokacin ta tashi zaune. Ta yafa mayafi, muka tafi kasuwa da la'asar sakaliya, lokacin da masu kaya ke neman tashi. Da ɗan abin da ya rage mini muka sayi kuka, daddawa, ɓarɓashin busasshen kifi, da ƙashi a wurin mai naman da ya daina gane ni. A hanya ta ce, "Ranar albashi, na ƙarshen wata ake fara cirewa a ɓoye. Abin da ya rage shi ne naki. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Washegari tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, tana faɗa ina yi. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar nan da na raina, na cika kula.

Da yamma ina jin ƙarar keke na fito da gudu. Na karɓi kula na buɗe. Tas, kamar an wanke.

Baba ya dubi Umma ya ce, "Mutanena sun ce a yi miki sannu da dawowa murhu. Wai naman nan da taliya sun yi daɗi, amma wannan miyar ce take tuna musu gida. Wani dattijo daga Nijar har romon ƙarshe ya shanye."

"Baba, ba ku gaya musu ni na yi ba?"

"Na gaya musu. Sun ce in daina wasa, ai sun san hannun Hajiya."

An yabe ni a makaranta, an yabe ni a wurin aiki bayan na girma, amma ban taɓa jin daɗin yabo kamar wannan da aka ƙi ba ni ba. Umma ta ɗebi miyar da ta rage a tukunya ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Sannan ta jawo tukunyar gabanta ta suɗe.