Arba'in Ɗin Da Ke Kan Takarda

Shekara talatin da ɗoriya Muntari yana haƙar rijiya tsakanin Safana da Batsari, kuma da ƙafa yake lissafin zurfi, yadda ya koya a hannun mahaifinsa. Gwani ne, amma akwai shi da kafiya. Ba ya tambaya, don a ganinsa tambaya aikin ɗan koyo ce.

Bara 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu da ke kusa da Runka. Shi da matarsa Turai da wasu gidaje goma sha biyu suka yada zango a bayan garin Safana. Ruwa ya zame musu tashin hankali, domin kullum sai mata sun gangara rafin bakin daji, inda aka riga aka sace biyu daga cikinsu. Ma'aikatan wata ƙungiya suka zo da na'ura suka gwada ƙasa, suka bar takarda da Turanci, suka ce za su dawo. Har yau suna dawowa.

Muntari bai yi boko ba, amma ya san lamba. Da ya ga arba'in a jikin takardar sai ya yi dariya.

"Ɗan wannan? Ku ba ni wata guda, ba wadda za ta ƙara taka rafi."

Yana haƙa, maza suna jan ƙasa da guga. Ƙafa arba'in ta cika, ƙasa a bushe ƙamas. Ya ƙara biyar, ya sake ƙara biyar. Sai da abin ya ishe shi ya haɗiye girman kansa, ya kai wa Malam Tayyib, malamin firamare, takardar.

Malam ya daɗe yana dubawa. "Baba, mita suka rubuta, ba ƙafa ba. Arba'in ɗinsu ta haura ƙafa ɗari da talatin. Aikin inji suke nufi."

Tsohon ya ba da tausayi a hanyarsa ta komawa. Ya tarar da Turai ta ɗauko jarka za ta bi mata rafi.

"Maigida, mata suna ta tambayata. Saura kwana nawa?"

Ya san hannu ba ya kaiwa can, ya san yadda numfashi yake ƙarewa a irin wannan zurfi. Amma bakinsa ya kasa faɗa mata.

"Ya kusa," ya ce.

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce wa mazan su sauke shi.