Anti Madubi Za Ta Rufe Ɗakinta

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakinta, can ƙarshen baranda, kusa da inda ake ajiye kekunan marasa lafiya. Ta goge madubi, ta jera katunan hotuna, ta jawo kujeru biyu. Shekara ashirin da tara ke nan. Aikinta gyaran magana: yaron da harshensa ya ƙi tashi, da babban da shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace wa baki. Saboda madubin da take sa su kalli leɓɓansu a ciki ake ce mata Anti Madubi. Duk asibitin ita kaɗai ce.

Ma'aikatan ɓangaren ba su manta da wani tela ba. Shanyewar ɓarin jiki ta bar masa kalma ɗaya tak: "gobe". Ƙishirwa gobe, gaisuwa gobe.

Matarsa ta ce, "Anti, shekara talatin yana ce wa masu kawo ɗinki gobe, ga shi ta kama shi."

Matar ta fara dariya, sai kuka ya ƙwace mata. Wata bakwai Anti tana fama da shi. Ran da ya dubi matar ya ce "sannu", Anti ta juya baya, wai tana neman biro.

Anti, ke ce mai jiran kalma komai daɗewarta, ba ki taɓa ƙarasa wa mara lafiya zancensa ba.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, babu mai maye gurbinta. Jami'ar da ke koyar da aikin mutum takwas take ɗauka a shekara. Nas ɗin da ke taya ta sau uku tana nema, sau uku ana ce mata babu wuri. Mutum ɗari da arba'in ke jiran layi. Anti ta hana a aika musu takarda, da kanta ta bi su a waya tana sanar da su za a rufe ɗakin.

Wata uwa ta ce, "Yana shekara uku muka rubuta suna, yanzu shida. Dariyar da ake masa a makaranta ta sa ya daina buɗe baki. Ina zan kai shi, Anti?"

Anti ta ce, "Ki kawo min shi gida."

Mun gode, Anti, Allah Ya saka. Amma falonki ba zai ɗauki sauran ba. Masu iko da jami'o'i, ku ƙara kujeru. Matasa, ku nemi wannan aiki. Mutanen nan ba za su iya zuwa su roƙe ku da bakinsu ba.