Ƙahon Baba Modu

Har gobe ba na mantawa da ranar da na hana Baba Modu ba da jini. Wata Litinin ce cikin zafin bazara, lokacin ina jami'in sashen karɓar jini a wani asibiti da ke Fagge.

Baba Modu Babarbare ne mai sayar da huluna a bakin tashar jirgin ƙasa. Ya daɗe yana zuwa mana, kuma jininsa irin wanda ake wahalar samu ne, shi ya sa ya zama ɗan gida. Ranar ya shigo afujajan tare da Chinedu, wani makanike daga Sabon Gari da suka yi shekara da shekaru suna mutunci. Matar Chinedu ta haihu da safe, jini ya ɓalle mata. Irin jininta ɗaya da na Baba, kuma leda ɗayar da ta rage mana an riga an ɗaura mata.

A aikinmu, ko mutum ya zo sau ɗari, duk zuwa sabo ne. Sai an auna nauyinsa da hawan jininsa, a huda yatsa a ga ƙarfin jinin, a yi masa tambayoyi. Ina ɗaura wa Baba abin awo ya sunkuya, sai na hango tsaga sabuwa fil a ƙeyarsa.

"Baba, ƙaho aka yi maka?"

"Shekaranjiya. Ai mataccen jini wanzami ya fitar, wanda ya rage tas yake."

"To, yau ba zan ɗiba ba."

Ya miƙe yana huci. "Ni za ka kora, Sani? Ni?"

Chinedu ya riƙe hannuna, idonsa jawur. "Oga, matata fa. Don Allah."

Wallahi na ji zafin maganar har cikin raina, amma ban girgiza ba. Na bayyana musu cewa ban zargi wanzamin Baba ba. Sai dai aska tana iya ɗauko cuta irin ta hanta, kuma a makonnin farko gwajinmu ba ya ganinta. In na ɗiba, zan iya ceton matar yau in sa mata ciwon da za ta shekara tana jinya. Likitan da ke kanta ya leƙo ya ce, "Babu dabara?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ta wannan hanyar babu." Ya gyaɗa kai ya koma.

Na juya ga Baba. "Jininka ba zan taɓa ba, amma ina neman bakinka. Wa ke ƙin jin maganarka a tasha?"

Ya harare ni, ya figi hularsa ya fita. Kafin la'asar sai ga a-daidaita-sahu a jere, cike da 'yan dako da direbobi, Baba na gaba yana ta yi musu tsawa. Muka gwada su kaf, aka dace da mutum biyu. Matar ta tashi, har ta kawo mana jaririyar muka gani.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan: mai zuwa kullum shi ya fi wuyar mayarwa, domin kunyarsa ake ji. Ku mayar da shi in ta kama, amma ku faɗa masa dalili, kuma kada ku bar alherin da ya zo da shi ya koma gida.

Bayan watannin jiran da na ɗibar masa saboda ƙahon sun cika, Baba Modu ya dawo. Ko gaisawa ba mu yi ba ya cire hula, ya juyo mini ƙeya.

"Duba da kyau, mai taurin kai."

Na duba. Sannan na ce ya hau gado.