Dutsen Da Yaya Lawal Ya Rataye A Zaure

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal, malamin kimiyya a wata sakandare ta Malumfashi. Allah Ya ji ƙansa. Har yau ban yi kukan mutuwarsa ba, ban kuma san dalili ba.

A azarar zauren gidanmu da ke Ƙarfi ya ɗaure wata igiya mai tsawon mita ɗaya, da dutse a bakinta. Yakan tura dutsen, ya kafa wa agogo ido, ya ƙirga zuwa da dawowa talatin a minti ɗaya. Kullum talatin. Ya kwance ta ya je da ita Danja, nan ma talatin. Wai shaida ce ta ƙarfin nan da ke janyo komai ƙasa.

Ni manomin masara ne, kuma ban iya barin gardama ba. Na ce masa, "Yaya, abin da ba ka gani ba, ba ka taɓa ba, ai suna ne kawai kuka laƙaba wa jahilcinku."

Ya ce, "Sani, ban san mene ne shi ba, kuma ba zan ƙirƙira maka ba. Amma abin da ke ba ni amsa ɗaya duk ranar da na tambaye shi, akwai shi."

Da ciwo ya kwantar da shi, likitoci sun auna duk abin da ake aunawa, ba su gano musabbabi ba. Shi bai ji haushinsu ba. Ni ne na ji. Yau da kowa ke da bayanin komai a cikin waya, na san abin da zai ce: ka gwada da kanka?

Daminar bana ta tsaga zauren, magina sun ce sai an rushe. Shekara bakwai nake wucewa ta gefen igiyar nan ban taɓa ta ba, don ina tsoron in tura ta in ji babu komai a raina.

Jiya na tura. Na ƙirga. Talatin.

Ban ji komai ba kuwa. Amma na auna igiyar da kyau kafin in kwance ta, na kuma gaya wa magini ya bar mini ƙusa a sabon zauren.