Jacqueline da ƙofar darar tsofaffi

Shekara tara ke nan bango ɗaya ya raba shagona da na Jacqueline a hanyar tashar Dogon Dutsi. Ni Ummuhani ɗinki nake yi, ita kuma buga takardu da fotokofi. Ni Musulma ce, ita Kirista, kuma a kwano ɗaya muke cin abincin rana. Ina ƙaunarta, amma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinta ba. Tun muna lakwal, makarantar firamare, haka take. Ta taɓa kwance rediyon babanta don ta ga inda mai magana yake zaune, ta sha duka, washegari ta sake kwancewa. Da ta gama kwaleji ta tafi Dosso ta koyi aikin ordinatar, wato kwamfuta, shekara biyu, aka so riƙe ta a can ta ƙi, ta ce iyayenta sun tsufa.

Babanta Ambroise tsohon direban mishan ne. Abokinsa guda ne a duniya, Baba Jatau mai gyaran amalanke. Tun kafin a haife mu, kullum bayan la'asar suna ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida sun haƙa ramuka talatin suna dara, Ambroise da tsakuwa, Jatau da karare. Zagi kuwa ba irin wanda ba sa yi wa juna. Amma akwai ƙa'ida guda da 'yan dara na unguwarmu ba sa wasa da ita: wanda ya ci ba ya tashi sai ya ba abokinsa damar ramawa. In ka ci ka kaɗe riga ka tafi, ka raina mutum ke nan a gaban jama'a.

Bara da damina ɓarin jikin Baba Jatau ya shanye, maganarsa ta sarƙe. Ɗansa ya ɗauke shi zuwa Yamai, inda matar ɗan, Sahura, take jinyarsa. In an kira salula, Ambroise ya yi ta surutu, can sai numfashi kawai ake ji. Daga baya ma ya daina kira, ya ce zuciyarsa ba ta iya ɗauka. Ya dinga zama gindin dalbejiya shi kaɗai, abin tausayi.

Jacqueline ta samo wasan dara na ordinatar wurin wani tsohon abokin karatunta, ta zuba shi a tsohuwar na'urar shagonta, ta kai gida ta haɗa da akwatin intanet da batirin hasken rana. Wasan a cikin na'urar gida yake zaune, Sahura kuma za ta shigo daga Yamai ta salularta, ta riƙe wa tsoho ya taɓa da hannun hagu. Ta yi mini bayani cewa akwatin kamar zaure yake: baƙo ya yi sallama daga waje, sai an gaya wa akwatin ƙofar da zai buɗe da ɗakin da zai kai shi. Kowace na'ura a gidan yana ba ta lamba, ita kuma ta rubuta masa cewa duk mai neman dara a kai shi lamba ɗari, wato ordinatar. Na ce mata to, Allah ya ba da sa'a, ni dai zare na sani.

Ranar farko abu ya yi kyau. Tsofaffi suka buga, Ambroise ya ci. Kafin a sake jerawa Jatau ya gaji, aka ce sai gobe.

Gobe ta yi, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Sahura ta taɓa ta taɓa, ba komai sai wani abu yana ta juyawa. Jibi ma haka, gata ma haka. Kullum la'asar ana tada tsoho zaune, a jingina shi da matashi, ya zuba wa salula ido har magariba. Sahura ta yi masa bayanin cewa matsalar rezo ce, wato layin sadarwa, ina! Shi abin da ya sani, Ambroise ya ci ya tashi. Rana ta biyar ya ture salular da hannunsa mai lafiya, ya juya fuska bango, kunun ma sai da lallashi.

Kwanakin nan na sha wuyar Jacqueline. Ta bar fotokofin mutane, tana ta zarya tsakanin gida da shago. In ta gwada da salularta a tsakar gida wasa ya buɗe lafiya lau, har ta zargi Sahura da rashin iyawa. Sai daga baya ta gane ita daga ciki take shiga, ba ta bi ta zaure ba. Da ta fito titi ta gwada da rezon salula, ita ma aka rufe mata. Ta kashe tsaron ordinatar ta kunna, ta canza lambar ƙofa, ta sauya waya, ta kira kamfanin intanet suka ce daga wajensu komai daidai. Na ce ta ci abinci, ta harare ni kamar ni na ɓata.

Rana ta takwas, ba wanda ya taɓa komai, ƙofa ta buɗe da kanta. Sahura ta kai wa tsoho, ya ƙi ko kallo. Washegari ta sake rufewa. Jacqueline ta zauna kan bencina, idonta ya kawo ruwa, karo na farko da na ga haka. Ta ce ita ta jawo, da ta bar su da kewar juna da ya fi, yanzu ga shi ta sa tsoho zai mutu yana ganin babanta ya wulaƙanta shi.

Don in sa ta dariya na ce, «Ke, wasan nan da Innarki yake gaba. Duk ranar da ta tafi kasuwar Ɗan Kassari sai ya buɗe.»

Ta dube ni, ta tashi ko takalmi ba ta gyara ba, ta haye babur.

Ashe gaskiya na faɗa ban sani ba. Inna Marguerite, uwarta, daddawa take kaiwa kasuwa sau ɗaya a mako, tun asuba take fita da salularta. Sauran ranaku salular tana kwana a kan teburi jikin akwatin. Shi kuma Ambroise ba ya yarda batir ya kwana yana aiki, da magariba yake cire waya, da hantsi ya mayar. Akwatin in ya mutu sai ya manta kowa, in ya tashi wanda ya fara zuwa shi yake ba lamba ɗari. Salular Inna kuwa kafin tsohuwar ordinatar ta gama tari ta tashi, ta riga ta karɓe. Kwana da kwanaki Baba Jatau yana sallama, ana kai shi salular mai daddawa. Jacqueline ta ɗaure lamba ɗari a kan ordinatar yadda ba mai sake ɗauka, aikin bai kai minti biyar ba. Ta kashe ta kunna sau uku, ta fita har bakin kasuwa ta gwada, ya buɗe.

Na'ura ta gyaru, saura tsoho. Jacqueline ta roƙi babanta ya kira ya ba da haƙuri, ya ce Jatau ba a ba shi haƙuri, ƙara hawa yake yi. Abin da ya yi, ya sa tsakuwarsa ta farko a rami, ya ce a gaya wa Sahura ta ajiye salular inda ido zai kai, kada ta ce komai. Ya zauna gaban ordinatar daga la'asar zuwa magariba. Washegari ya sake zama. A daren ma bai cire wayar batir ba, Inna ta yi ta mita.

Rana ta uku Jacqueline tana shago, ni ina kan keke ina haɗa wata riga, sai ga Ambroise tafe da ƙafa, ba hula, yana haki. A raina na ce shi ke nan, Yamai an yi rasuwa. Jacqueline ta fito da takardun wani a hannu, ta ce, «Baba, lahiya?»

Ya dafa ƙofar shagona, ya ce karan Jatau ya bayyana a rami tun ƙarfe huɗu, sun buga har biyu. Hawaye na bin gemunsa, bakinsa kuma ya ƙi rufuwa.

«Ya cinye ni, ɗiyata. Duka biyun. Da hannun hagu, ja'irin tsoho. Ki ce wa Sahura kada ta bari ya kwanta, ban rama ba tukuna.»