Ƙugiya Mai Lamba Goma Sha Biyu

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin kogi na tashi, saboda haka da na zo Doha aikin tuƙi ban taɓa zaton akwai wanda zai zaunar da ni ya koya mini kamun kifi ba. Mahaifina tela ne, amma a garinmu ko ɗan tela ya san yadda ake soka tana a ƙugiya. Na kama tarwaɗa, na kama karfasa, na taɓa taya wani maƙwabcinmu jawo giwan ruwa wanda sai da mutum biyu suka ɗauke shi. Abin da na sani shi ne ƙugiya gwargwadon kaurinta gwargwadon amfaninta.

Wanda ya raba ni da wannan tunani wani dattijo ne mutumin zangon Kumasi, mai walda a garejin kamfanin da nake tuƙa wa bas. Ɗakinmu ɗaya a masaukin ma'aikata a Sanaiya, unguwar masana'antu, shi a gadon ƙasa, ni a na sama. Ya ba ni shekara ashirin ko fiye. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan Najeriya, in yana cikin nishaɗi ya ce ɗana.

Da korona ta shigo aka rufe layukanmu, ba shiga ba fita. Motata na fake, abinci kawo mana ake yi. Ni kuwa na koma kwance daga safe har yamma ina latsa waya, ina karanta labarin waɗanda suka kamu, ina kiran gida sau uku a rana, har matata ta fara tambayata ko akwai abin da nake ɓoye mata. Wata safiya bayan mun sha shayi, Baba ya jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, ya bubbuga ƙarfen gadona.

"Sauko, ɗan Najeriya. Akwai aiki."

A cikin gwangwanin akwai 'yan kifayen roba goma sha huɗu, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, masu idanu masu ƙyalli da ɗan harshe a gaban baki. Kowanne yana rataye da ƙugiya biyu masu baki uku, ɗaya a ciki, ɗaya a wutsiya. Wani ɗan Filifin da suka yi aiki tare ne ya bar masa su da zai koma gida. Ruwan gishiri ya gama da ƙugiyoyin, duk sun yi ja da tsatsa, wasu ka taɓa su karye.

Na ce, "Baba, wane kifi ne zai bar abinci ya ci roba?"

Ya ce, "Sha'am. Ka bari dai a buɗe gari."

Sha'am, yadda Larabawan nan ke kiran sa, kifi ne mai faɗi kamar karfasarmu, fari mai sheƙi, da ɗan rawaya a fukafukan ƙasa. Bakinsa ƙarami ne amma mai tauri, don da shi yake fasa ƙaguwa da dodon koɗi a cikin duwatsu. Akwai babban wansa kuma, subaiti, wanda Baba ya ce sau biyu kawai ya taɓa kama shi.

Kwana uku muka yi muna cire ƙugiyoyin nan. Kowace tana maƙale da wani ɗan zobe mai ninki biyu, sai ka buɗa shi sannan ta fita. Na fara da farce, ya tsage har jini. Baba ya yi dariya, ya ɗauko tsohuwar filaya ya goge bakinta da zarto har ya fitar mata da ɗan haƙori, aikin ya zo da sauƙi. Rana ta huɗu ya cika bokiti da ruwa, ya zuba gishiri, yana ɗanɗanawa har ya ce ya kai na teku. Ya ɗauki kifin roba ɗaya ya jefa ba ƙugiya, ya tsaya a saman ruwa. Ya mayar masa da tsofaffin ƙugiyoyinsa, ya danna shi ƙasa da yatsa ya saki, sai ga shi ya tsaya a tsakiyar bokitin, bai hau ba bai nutse ba.

"Ka gani? Wanda ya ƙera shi da nauyin ƙugiyar ya auna shi. A wannan tsayuwar sha'am yake kawo cafka."

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba a lokacin, amma na lura kwana huɗun nan sau ɗaya a rana nake kiran gida, kuma hira muke yi.

Da aka fara sassautawa, Baba ya koma gareji kafin ni in koma tuƙi, sai ya aike ni shagon kayan kamun kifi. Ya ce in sayo lamba goma sha biyu. Na sa takunkumi, na nuna wa mai gadi koriyar alamar lafiya da ke wayata, na shiga. Mai shagon, wani ɗan Kerala mai furfura, ya ɗauko mini. Da na gan su sai na ɗauka ya yi kuskure. Kowace siririya ce kamar allurar keken mahaifina, bakunan ukun duka ba su kai faɗin farcena ba. Ashe a wajen ƙugiya, yadda lamba ke ƙara hawa haka take ƙara ƙanƙancewa. Na ce a raina wannan ko ɗan tarwaɗa zai miƙar da ita. Na nuna wasu masu kauri, lamba shida, na ce su nake so. Mai shagon ya tambaye ni wane kifi, na ce sha'am. Ya kaɗa kai irin nasu, ya ƙunsa mini.

Baba ya juya fakitin a hannunsa, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya raba kifayen roban biyu, ya tura mini bakwai.

"To, ka sa wa naka."

Shi kuma ya tsinto huɗu daga cikin tsofaffin waɗanda ba su ci tsatsa sosai ba, ya goge su da takardar yashi, ya sa wa guda biyu.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba wani abokinmu mai tasi ya sauke mu a kan duwatsun bakin teku ta hanyar Wakra. Iska ba ta tashi ba, ruwan garau, kana hango ƙasansa. Jifana na farko, kifin roban ya dawo a naɗe yana juyawa kamar farfela, ƙugiyar ciki ta kama ta wutsiya. Na warware na sake jefawa, haka dai. Wanda bai naɗe ba kuma sai ya nutse kai tsaye ya maƙale a dutse. Kafin rana ta yi zafi na yi asarar biyu. Baba yana gefe da 'yar hularsa, ya jefa, ya naɗo zare kaɗan, ya tsaya, ya ɗan girgiza sandar kamun kifin, ya sake tsayawa. Sha'am biyar ya kama da tsofaffin ƙugiyoyin nan huɗu. Ni ko taɓawa ba a yi ba.

A hanyar dawowa na ce, "Baba, yaushe za mu koma shagon?"

Ya ce, "Za mu? Ai na ɗauka kai ɗan bakin kogi ne."

Tare muka koma da yamma, da kifin roba ɗaya a aljihunsa. Ya sa mai shagon ya zazzago masa iri huɗu a kan gilashi. Ya ɗora kowace a kan cikin kifin, wadda bakunanta suka wuce faɗin jikinsa ya ture ta gefe. Ya jera biyu a mazauninsu ya lanƙwasa su su fuskanci juna, ya ga ba su kai ga juna ba. Sannan ya ɗora tsinin a kan farcen babban yatsansa ya ja a hankali. Ɗaya ta zame, ya ture. Ɗaya ta kafe ta bar farin layi.

"Wannan. Bakin sha'am ƙashi ne, ɗana, kuma zarenmu siriri ne, ba za ka iya fizga da ƙarfi ba. Mai kauri sai an danna ta take shiga. Siririya ita ke shigar da kanta."

Mai shagon ya ƙara da cewa mu ɗauki baƙaƙen, sun fi jure gishiri, amma duk da haka mu riƙa wanke su da ruwan famfo in mun dawo. Baba ya ce masa halas, wato shi ke nan, su za mu ɗauka. A ɗaki muka gwada su ɗaya bayan ɗaya a bokiti, duk suka tsaya a tsakiya in ban da guda, shi ma da muka canza masa zobe ya daidaita.

Juma'ar da ta biyo na kama sha'am ɗina na farko. Ina cikin tsayawar nan da Baba ya koya mini na ji an buga, kamar an ƙwanƙwasa sandar da yatsa, sai zare ya miƙe. Bai wuce tafin hannuna ba, amma sai da na ɗauki hotonsa na aika gida. Matata ta ce wannan ne ya sa aka daina damun ta da kira?

Daga nan Juma'a ta zama tamu. In zafi ya tsananta mu huta, in sanyi ya shigo mu koma. Haka har shekarar da aka yi gasar cin kofin duniya a nan. Gana ce ta hana Najeriya zuwa, kuma Baba bai bar ni na manta ba ko na kwana ɗaya. Ya rataya tutarsu a ƙarfen gadona, daidai inda nake sauko da ƙafa. Ni kuma aka mayar da ni jigilar 'yan kallo, daga tashar jirgin ƙasa zuwa filin wasa, mutane iri-iri suna waƙa suna buga jikin mota.

Ana saura mako biyu a fara gasar wani abu ya ɗauki kifin robana ya ruga da zare har na'urar naɗi tana kuka. Na yi ta lallaɓa shi har na ga faɗin jikinsa a gindin dutse, subaiti ne, sai kawai sanda ta miƙe. Da na naɗo, baki ɗaya na ƙugiyar wutsiya ya buɗe ya miƙe.

Na ce, "Baba, ka ga abin da na gudar mana tun farko."

Ya ce, "Shekara biyu kana cin sha'am da ita, yau ɗaya ta ba ka kunya za ka zage ta?"

Gaskiyarsa ce, amma abin ya tsaya mini a rai. Na je wurin ɗan Keralan na yi masa bayani. Ya lalubo mini wata lamba goma sha biyun, faɗinsu ɗaya, sai dai wannan gajeruwa ce kuma ƙarfenta ya ɗan fi kauri. A wutsiya kaɗai na sa ta, na bar siririyar a ciki. A bokiti kifin ya riƙa nutsewa a hankali, har sai ka ƙura ido kake ganin yana sauka. Baba ya daɗe a tsugune yana kallo, ya ce da sanyi kifi ƙasa-ƙasa yake zama, watakila ba laifi.

Ana tsakiyar gasar na samu hutun safiya ɗaya. Mun jefa ya kai awa ba labari, sai sha'am biyu na Baba. Har ya fara naɗe kaya na ji an buga sandata. Wannan karon ban yi gaggawa ba, in ya ja in sakar masa, in ya tsaya in naɗo. Baba yana bayana yana ta cewa, "A hankali, ɗana, ɗaga sanda, kar ya shiga dutse." Da kifin ya kwanta a gefensa, dattijon nan ya shiga ruwa da silifas har gwiwa, ya rufe shi da tawul ya rungumo shi. Subaiti ne, tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Ƙugiyar wutsiya ce ta riƙe shi a kusurwar baki, kuma ba ta motsa ba.

A masauki muka gasa shi da tafarnuwa da lemon tsami. Wani ɗan'uwan Baba da ke gadi a Madinat Khalifa ya aiko masa da dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da shito, yajin nan nasu baƙi mai mai. Mu shida muka zauna a kan tabarma, har da 'yan Nepal biyu na ɗakin kusa da mu, waɗanda yajin ya sa su hawaye amma ba su cire hannu ba. Baba ya ciro naman kumatun kifin ya ajiye a gabana, ya ce na mai kamu ne. Bayan azahar na wanke hannu da sabulu sau biyu, na sa rigar aiki, na tafi ɗaukar 'yan kallon wasan yamma.