Kumburin da Inna ta gani

Cikina na fari yana wata bakwai mijina ya kai ni gidanmu a Daura goyon ciki, ya koma harkarsa a Mai'adua. Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, balle ta yi zancen ciki. Ni ma kunyar cikin nake ji kamar sato shi na yi.

Ƙafafuna suka fara kumbura, silifas ya daina shiga. Fuska ta bi. Kaina kuwa sara yake ba dare ba rana, in na dubi bango sai in ga wasu 'yan taurari suna yawo. Na kasa zama, na kasa kwanciya. In fito tsakar gida, in koma ɗaki, in sake fitowa. Maƙwabta in sun leƙo sai su yi dariya su ce namiji ne, shi yake kumbura mace haka. Inna dai tana ta tankaɗenta.

Ashe ta aika wa Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Sandamu, cewa ta zo ta tambaye ni jikina, tunda ita bakinta ba zai iya ba. Gwaggo kuma ana tsakar girbin gero, sai da ta kimtsa tukun. Ranar da ta iso, kallo ɗaya ta yi mini ta saki salati, ta tare Keke Napep, muka tafi har da Inna.

A asibiti aka ce jinina ya hau, aka duba fitsari, aka ɗebi jini. Likitar ta ce akwai wasu sinadarai a jinin mai ciki da ke nuna ko ciwon ya yi nisa, nawa kuma ya yi, saura kaɗan in fara jijjiga. Ta tambaye ni yaushe kumburin ya soma. 

Inna ce ta amsa, fuskarta na kallon ƙofa. "Likita, ƙafar tun kafin Maulidi. Fuskar daga baya. Ciwon kan kuma in ya taso tana dafe gefen dama."

Duk ta gani. Raina ya ɓaci har na manta da tsoro, na ce, "Inna, kina gani kika yi shiru?" Ba ta juyo ba, amma na ga tana share hawaye da gefen mayafinta.

Ranar aka yi mini aiki. Aka ciro yarinya 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba, ta rayu da ƙyar.

Yanzu ta isa makaranta. Ko tari ta yi sai na kamo haɓarta na leƙa idonta, ko a gaban wa. Dangi na cewa ba ni da kunyar 'yar fari. Gaskiya suka faɗa, ba ni da ita, kuma ba na so.